Minti Goma Sha Biyar

A Middlesbrough, can bayan gadar ƙarfe,
inda kogi ke warin tsatsa da gishiri,
akwai wani fili mai shingen waya,
ganguna shuɗɗa sun yi sahu ba liman.
Nan na kama aiki wata Litinin,
rigar leda har wuya, takalmi mai hancin ƙarfe,
ni Tanimu ɗan Sallau mai batir,
goyon Panteka.

Malamarmu Maureen ce, gajeruwa, mai furfura,
bayan hannunta na hagu yana sheƙi
kamar ledar da ta sunsuni wuta.
Ta ce kowace ganga da sunanta.
Wadda ba ta da shi, kar ka buɗe,
kar ka kai hanci,
kar ka girgiza don jin abin da ke ciki.
Kira ni kawai.
Ta nuna mana alamu cikin jan layi:
harshen wuta, ƙoƙon kai,
mataccen kifi gindin busasshen itace,
sai ɗigon da ke cin ƙarfe, yana cin hannu.
A nan idona ya tsaya.
Na san hannun nan.

Babana da guduma yake fasa batir,
ya tuttular da ruwan a kwata,
ya goge tafi a gefen riga
har rigar ta koma rariya.
In an ce Sallau, sa safar hannu mana,
sai ya yi dariya:
tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Daga baya yatsunsa suka ƙi jan carbi,
dasashi ya dafe,
sunan ƙanwata ya riƙa kuɓuce masa.
Muka ce tsufa. Maƙwabta suka ce sammu.
Ba wanda ya ce dalma.

Mako uku muna karatu.
Sa hannu nan, sa rana nan, sake sa hannu.
Aka ce takunkumi ba ya kama fuska mai gashi.
Na ce, gemun nawa fa?
Ta dube ni, ta dubi kundin doka,
ta dawo da hula mai injin iska a ƙugu.
Na fito kamar mai shirin zuwa duniyar wata,
har ni kaina na yi dariya.

Ran Alhamis ana yayyafi.
Witek ya ɗage tabarau ya share raɓa,
daidai nan tiyo ya yi atishawa.
Ɗigo ɗaya ne.
Ƙato guda ya durƙusa yana kiran uwarsa.
Ban san sa'ad da na ja shi famfon wanke ido ba,
na danna, na buɗe fatar idon da yatsu biyu,
ruwa na bulbula.
Yana zagi da harshensu,
ina salati da nawa.
Minti biyar ya ce ya isa.
Na ce agogo bai ce ba.
Minti tara ya nemi ƙwacewa, na danne wuyansa.
Ashe minti goma sha biyar
ta fi la'asar ɗin azumi tsawo.

Maureen ba ta yaba ba.
Ta tambayi ƙarfe nawa, wace ganga, wa ya duba tiyon,
ta rubuta, ta ba ni biro.
Sai da za ta juya ta dafa kafaɗata
da hannun nan mai sheƙi.
Witek ya dawo bayan kwana shida,
ido ja kamar gauta, amma yana gani.

Da dare na kira yayana Ɗanjuma,
shi ya gaji rumfar.
Na ce zan aiko safar roba da tabarau,
kuma ku daina zuba ruwan a kwata,
yara na wasa a wurin.
Ya ce, kai kuma, ka zama Bature ke nan?
Aiko kuɗinsu ya fi.
Na yi shiru.
A bayan muryarsa ina jin guduma,
da wani yaro yana tari.